Tuwon Awa Uku, Naman Minti Goma Sha Ɗaya

Ranar wata Lahadi cikin watan Disamba na dawo daga filin wasa na Pantami, ƙura har cikin kunne, murya ta dishe. Muna idar da magariba na zarce teburin mai shayinmu a Jekadafari, na ce a haɗa mini mai kauri ko maƙogwaro ya buɗe. Ban kai kofi baki ba waya ta yi ƙara. Ɗan yayana ne da ke karatu a jihar Wiskonsin ta Amurka, ya kira ta bidiyo. Da ƙyar na gane shi: hula a kan hula, mayafin ulu har hanci, tururi na fita daga bakinsa kamar an buɗe tukunyar ɗanwake. Ya ce, "Bappa, ni ma yau ƙwallo na zo kallo." Ya juya wayar. Mu duhu ya fara shiga, su ko hantsi ne. Ban ga fili ba, ban ga raga ba. Motoci na gani iya ganin ido, hayaƙi na tashi daga bayan kowace. Mai shayi ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Subhanallahi, gobara ce ta kama tasha?"

Ashe girki ake yi. A can, in wasa na ƙarfe goma sha biyu ne, tun wajen takwas na safe mutum zai loda a-kori-kurarsa da gawayi da murhu da kujerun naɗewa da kuloli, ya kwashi mata da yara har da kaka, ya je ya kama wuri a filin ajiye motoci. Ya saukar da murfin bayan motar, ya zama tebur, ya hura wuta. Ka tuna washegarin Babbar Sallah a Herwagana, kowace ƙofar gida da ragonta a jikin wuta, maƙwabci na miƙa wa maƙwabci? To kwashe unguwar nan gaba ɗaya ka juye ta a tashar Gombe Line, ka ɗinka wa kowa ankon kore da rawaya, ka sami hoton. Mu a ƙofar Pantami mai rake ne da mai gyaɗa da mai awara da yaro mai fiya wata ke jiran aljihunka. Su kowa da tukubarsa ya zo, kuma baƙo in ya wuce ya yi murmushi sai a cika masa faranti. Yaron ya nuna mini wasu da ko tikiti ba su da shi. Sun kafa talabijin a bayan mota, nan za su kalli wasan da ake yi taku ɗari biyu daga inda suke. Wannan shi ne a je biki a zauna wajen masu tuƙa tuwo har a watse, ko amarya ba a leƙa ba, kuma a dawo gida ana cewa biki ya yi armashi.

Na tambaye shi me ake gasawa haka. Ya ce yawanci naman alade ne da aka ɗura a hanji, wasu ma sai sun tafasa shi da giya kafin su ɗora a wuta. Na ce, "To, ɗan nan, ka kama bakinka." Ya yi dariya ya ce iyayen abokin da ya gayyace shi sun sani, sun zo masa da kaza da kaskonta daban. Na ce Allah ya saka musu, masu karamci ne.

Garin sunansa Green Bay, ƙungiyar kuma Packers. Sunan ba na zaki ba ne ko damisa ko kunama irin ta Gombe United. Ma'anarsa masu cusa nama a gwangwani, domin wani kamfanin nama ne ya saya musu rigunan farko a 1919, shekarar da aka dawo da hedikwatar masarautarmu nan Doma, garin Gombe na yanzu ya fara tsayuwa. Ka ga ashe ƙungiyar mahautan nan sa'ar garinmu ce. Wanda ya kafa ta, Curly Lambeau, sunansa aka sa wa filin. Wiskonsin kuwa ita ce rugar Amurka, ƙasar shanu da madara da cuku. Mutanen birane suka riƙa yi musu ba'a suna ce musu masu kan cuku, irin tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari. Maimakon su yi fushi sai suka ƙera hular soso mai kama da yankan cuku, rawaya, mai kusurwa uku, suka kifa a ka. Na ga wani dattijo da gemu fari tas sanye da ita, yana tafe da ƙasaita. Kamar a ce Bafulatani ya kifa ƙwaryar nono a kansa ya shigo fili yana cewa to, sai me?

Mutanen garin duka ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, filin kuma yana ɗaukar wajen 81,000. Namu na Pantami, wanda aka buɗe a 2010, wajen 12,000 yake ɗauka, ranar da ya cika kuma har Bolari ake jin ihu. Sai ka jera irinsa bakwai kafin ka cika kwanon Lambeau. A tsakiyar gidajen mutane yake, don haka ranar wasa maƙwabta suke cin kasuwa, kowa ya mai da ciyawar ƙofar gidansa wurin ajiye mota yana karɓar kuɗi, kamar yaranmu masu tsaron babura.

Shiga kuwa sai ka ce filin jirgin sama. Ka bi ta ƙofar da ke kuka in ta ji ƙarfe. Jaka tun 2013 sai mai garai-garai, wadda ake ganin abin da ke ciki kamar ledar ƙosai. Tikiti a waya yake, babu takardar da wani zai yaga ya riƙe rabi, babu "yallaɓai, ɗan gida ne." Kuɗinsa a mafi yawan filayen ya haura dala 100, wato abin da za ka shiga Tudun Hatsi da shi ka fito da buhun masara har da canji. Amma a Green Bay ko da kuɗin ba lallai ka samu ba. Kujerun shekara duk suna da masu su, kuma gadonsu ake yi kamar gona: uba ya mutu, ɗa ya gaji lamba kaza a layi kaza. Masu jiran wani ya saki tasa sun haura 140,000. Mutum za a yi masa haihuwa, kafin a raɗa suna ya riga ya sa jaririn a layi, da fatan in ya yi furfura ya samu. Kujerar da ake wannan rububi a kanta fa, a yawancin filin, bencin ƙarfe ne dogo mara majingina, an zana lambobi a jiki, kowa da 'yar tazarar da ba ta fi ta fasinjan motar Kumo ranar kasuwa ba. Ga kowa ya sa riga biyar. Yaron ya ce in ka tashi yin ihu ka dawo, sai ka tarar maƙwabta sun cinye wurinka.

Sanyin ne ya fi ba 'yan teburinmu mamaki. Mu da hunturu ya busa kwana uku sai wanka ya zama abin shawara. A filin nan, ranar 31 ga Disamba 1967, an buga wasa da ƙungiyar Dallas sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Firizar mai ƙanƙara a Babbar Kasuwa, ranar da wuta ta zauna, 18 take kaiwa. Wato da ɗan kallo ya sami firiza ya shige, da ya ji ɗumi. Alƙalin wasa ya busa usur na farko, ƙarfen ya manne masa a leɓe, da ya cire ya tafi da fata, sauran wasan da baki aka yi ta tsawa. Kuma mutane suka zauna har aka tashi. In ƙanƙara ta sauka ta rufe bencina, ƙungiyar kan yi shela, mutanen gari su fito da shebur a biya su ta awa, gayya sosai irin ta noma.

To ciyawa fa, yaya take rayuwa? Nan ne na yi dariya, domin dabarar ta kakanninmu ce. Ka san gadon ƙasa na mai jego, wanda ake hura wuta a ƙarƙashi? Shi suka yi wa filin. An shimfiɗa bututai a ƙarƙashin ƙasa, ruwan zafi na zagayawa, saiwa tana shan ɗumi sama na daskarewa. A jihar Arizona kuma matsalarsu irin tamu ce, rana. Sai suka yi wa filinsu rufi da na'urar sanyaya iska, amma ciyawa ba ta girma a ɗaki. Suka shuka filin gaba ɗaya a kan wani ƙaton faranti mai tayoyi. Duk mako yana waje yana shan rana, ranar wasa a turo shi ciki, tafiyar wajen awa guda. Yadda inna ke fitar da shanyar kuɓewa da safe ta shigar da ita in hadari ya haɗo, illa dai wannan faifan yana da faɗin gonar mutum.

Da ƙarfe bakwai namu aka fara, bayan an rera taken ƙasa, wani lokaci ma jiragen yaƙi kan wuce ta saman fili daidai ƙarshen waƙar. 'Yan wasa suka fito a guje ta wani rami, na ce da mai shayi, "Ga 'yan lifida." Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Gombe ranar hawan sallah ya san su: kwalkwali a ka, lifidi a kafaɗa da ƙirji, mutum ya koma biyu. Dawakan ne kawai babu, don su ne dawakan. Na sahun gaba kowane ya kai nauyin buhu da rabi na masara. Ƙwallon kuma ba zagayayye ba ne. Ɗan kuka ne, ja-ja, mai tsini gaba da baya, in ya faɗi ƙasa ba ka san inda zai nufa ba, kamar akuyar da ta tsinke. Suna kiransa ƙwallon ƙafa, alhali ƙafa ba ta cika taɓa shi ba. Zari-ruga dai shi ne sunan da ya dace.

Dokar ba ta da wuya in ka taɓa kora jaki. Ka ɗauka kana da jaki da kaya, hanya yadi 100, mutum 11 sun tare ta. An ba ka dama huɗu ka tura shi yadi 10. Yadin nan kuwa shi ne dai na tela, yadi goman da ake yanka maka na babbar riga da 'yar ciki da wando. In ka ci goman, a sake ba ka dama huɗu sababbi. Haka, yadi goma bayan yadi goma, har ka shigar da kaya zauren abokan gaba, a rubuta maka maki 6, ka buga ta tsakanin wasu sanduna biyu a ƙara maka 1. In ka matso kusa jaki ya ƙi, ka buga ta sandunan daga nan ka karɓi 3, da hanau gara mannau. In kuwa kana nesa dama uku sun tafi a banza, sai ka yi dabarar mai bashin da ya san gobe za a zo kwasar kaya: ka narka wa ƙwallon ƙafa ya tafi can ƙarshen fili, mai karɓa ya sha tafiya. A da, in gardama ta tashi ko goman ta cika, sai ga mutane da sanduna biyu da sarƙa sun shigo kamar masu awon fuloti a Tumfure, a ja sarƙa, mutum 81,000 su riƙe numfashi a kan tazarar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Sai a 2025 suka fara awon da kyamara, sarƙar kuma ba su yar da ita ba, tana gefe ko da wuta za ta ɗauke.

Kafin kowace turawa sai ka ga sun haɗa kai sun yi zobe suna ƙus-ƙus, dillalan Tike sak in za a karya farashin sa. Madugunsu, mai jefa ƙwallo, yana da 'yar rediyo a cikin kwalkwali, koci na gefe yana raɗa masa abin da za a yi. Sai su jeru, goshi da goshi, a yi karon raguna na daƙiƙa biyar ko shida, a zube. Alƙalai bakwai ne, cikin riga mai zanen fari da baƙi. Ba su da kati. Hankici rawaya suke jefawa ƙasa, sannan babbansu ya kunna lasifika ya yi wa duk fili shela kamar sanƙira: mai lamba kaza ya riƙe rigar wani, an ja su baya yadi goma. Wannan kam na yaba. Mu sai a busa, mu kwana muna musu a majalisa kan abin da aka busa.

Kuma ba mutum 11 ɗin nan ne ke yin komai ba. Ƙungiya tana da 'yan wasa 53. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, ƙwallo na sauya hannu waɗannan su fita waɗancan su shigo, kamar gidan biki inda masu daka ba su ne masu tuƙi ba. Akwai wanda aikinsa bugun sandunan nan kaɗai. Wanzamin ranar suna ke nan: zamansa ya fi aikinsa yawa, amma ranar da hannu ya kuskure duk gari sai ya ji.

Wajen ƙarfe takwas wani malamin makaranta da ke teburin ya gaji. Ya ce, "Wai Alhaji, su waɗannan yaushe za su fara wasan? Tun ɗazu tsayuwa nake gani." Gaskiyarsa. A takarda wasan minti 60 ne, kashi huɗu na minti 15. A zahiri awa uku ne da ɗoriya. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa zama da agogo a 2010, ta ƙirga lokacin da ƙwallo ke motsi da gaske, ta sami kamar minti 11. Malmala ce ta awa uku da tsoka ɗaya a tsakiya. Mu a Pantami ana take wasa ƙarfe huɗu bayan la'asar, minti 45, a huta, minti 45, kafin magariba kowa ya kama hanya, kuma in ka sunkuya ɗaukar ɓawon rake ana iya zura ƙwallo ba ka gani ba. Su za ka iya tashi ka je ka sayo abinci, ka zaga bayi, ka dawo ka tarar jakin yana inda ka bar shi.

Wani tsaikon na wasan ne, wani kuwa na kasuwa. Akwai wani mutum a gefen fili mai doguwar safar hannu ruwan lemo, ba ɗan wasa ba, ba alƙali ba. Wakilin gidan talabijin ne. In ya shigo ya tsaya, manyan ƙartin nan da alƙalai bakwai da duk jama'ar fili sai su jira, domin mutanen gida suna kallon tallar mota da ta inshora. Sai ya ba da hannu a ci gaba. Kowa a Gombe ya san wannan harka, sunanta ne kawai bai sani ba. Ka shiga mota a tashar Dukku, saura mutum biyu ta cika. Duk mintin da ta ƙara a tsaye, mai dafaffen ƙwai da mai burodi da mai maganin basir ciniki suke yi ta taga. To a ce mai ƙwan nan ya yi ƙarfin da zai biya direba ya ce kada ka tashi sai na gama zagaye. Abin da Amurkawa suka yi ke nan. A wasan ƙarshe na shekara, Super Bowl, wanda ake yi a Fabrairu, tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7 a 2024. Mu mun fi su iya jira nesa ba kusa ba, a layin mai, a banki, a asibiti. Su ne dai suka gano yadda ake ƙulla jiran a leda a sayar.

Don kada fasinja ya gaji ya sauka, sai a cika masa ido. Kiɗa, 'yan rawa, kyamara ta kamo wani yana hamma a nuna shi a allo kowa ya yi dariya. Filin Dallas da aka buɗe a 2009 an rataya masa allo a tsakiyar rufi mai tsawon yadi hamsin da wani abu, har wani ɗan wasa ya buga ƙwallo ya dake shi a wasan gwaji na farko. Na saman bene ba sa ganin 'yan wasa sai kamar tururuwa, don haka allon suke kallo. Ka biya kuɗin buhun masara ka je ka kalli talabijin. Gidan kallon unguwarmu ya fi sauƙi, ga shi in janareta ya mutu ana mayar da rabin kuɗi.

Amma akwai inda ɗan kallonsu ya burge ni, wajen ihu. Mu ihunmu na zuciya ne, duk sanda ya zo a sake shi. Nasu aiki ne mai lokaci. In ƙwallo na hannun 'yan gida sai fili ya yi tsit kamar mai gida na ƙirga kuɗi, don madugu ya ba da umarni a ji. Yaron ya kira ni a irin wannan lokaci yana raɗa, na ɗauka rasuwa aka yi. Ƙwallo na komawa hannun baƙi sai duniya ta tashi. Ka je fadamar Dadin Kowa lokacin da shinkafa ta fara nuna, ka ga yara da gwangwanaye suna korar jan-baki, to haka, sai dai yaran 81,000 ne. Manufar ita ce baƙi su kasa jin madugunsu, wani ya zabura kafin lokaci, a jefa hankici a ja su baya yadi biyar. Ɗan kallo ya ci yadi biyar da maƙogwaronsa, ya koma gida yana jin shi ma ya buga. A filin Kansas City an auna ihun a 2014 ya kai 142.2 a ma'aunin ƙara, ya fi na jirgin sama mai tashi, ka ce an kunna duk injinan niƙan Gombe a ɗaki ɗaya. Filin nan kuwa ɗan ƙasarmu ya taɓa riƙe shi, Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda bai fara wasan ba sai da ya haura shekara 20, amma a 1989 babu wanda ya kai shi yawan yadin da ya ci da ƙwallo a hannu.

Wani dattijo da ke gefe yana jiƙa burodi ya ɗago ya ce, "Ai mun taɓa shiga filayen nasu." Ya tuna mana gasar cin kofin duniya ta 1994. Wasanninmu da Ajantina da Girka da Italiya duk a Foxboro aka yi, kusa da Boston, gidan ƙungiyar zari-ruga ta Patriots. Nan Baggio na Italiya ya farke mana saura minti biyu. Tebur ya yi shiru na ɗan lokaci, don ciwon nan bai warke ba.

Lifidin ma kada ya ruɗe ka. Sa ƙwai a gwangwanin madara ka rufe ka girgiza: gwangwani lafiya lau, ƙwai ya dame. Haka ƙwaƙwalwa take a cikin kwalkwali, kuma likitocinsu sun tabbatar da cutar da karon nan ke bari bayan shekaru. Ɗan dambenmu aƙalla yana ganin hannun da zai kashe shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai ƙungiyar. Sauran ƙungiyoyi 31 na gasar suna da iyayen gida, attajirai, wasu ma in gari ya ƙi gina musu sabon fili sai su kwashe ƙungiyar su koma wani gari, kamar mai shago ya sauya layi. Packers ta jama'a ce, masu hannun jari fiye da rabin miliyan. A sayarwar 2021 kowane hannu dala 300 ne, ba riba, ba a sayar wa wani a ci kuɗi. Takarda ce za a ba ka ka rataya a falo, kamar rasiɗin gudummawar ginin masallacin unguwa. Namu ƙungiyoyin galibi na gwamnatocin jihohi ne. Rijiyar unguwa da famfon gwamnati ke nan: ɗaya in guga ya faɗa kowa zai fito da ƙugiya, ɗaya in ya lalace sai a tsaya ana jiran a zo. Ga shi su ba a faɗawa ƙaramar gasa. Wanda ya zo na kashin baya shi ake fara ba zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kamar uwa ta fara zuba wa ɗan da ya fi rama. Mu da muka ga Gombe United da Doma United sun gangara a kaka ɗaya a 2024, da mun so irin wannan uwa.

Can wajen tara da rabi yaron ya turo wani guntun bidiyo. Ɗan wasan gida ya shigar da ƙwallo zaure, bai tsaya ba, ya zarce da gudu ya daka tsalle ya faɗa cikin 'yan kallo, suka cafe shi suna bubbuga masa kwalkwali. Al'ada ce a filin tun 1993. Babu waya tsakaninsu, 'yar katanga ce kawai. A layi na uku kuma ga wani da rigar baƙi, shi da 'yarsa ƙarama, ana yi masa ature da baki yana dariya yana cin abincinsa. Na maimaita bidiyon sau uku. Ba wai su waliyyai ba ne, giya na sa su dambe, shi ya sa ake rufe sayar da ita kafin kashi na ƙarshe. Amma na tuna filaye nawa a ƙasar nan baƙo zai ci wasa ya fita ba tare da motar 'yan sanda ba, na kuma tuna tun yaushe 'yata take roƙon in je da ita kallo ina cewa sai wani makon.

Goma ta wuce mai shayi ya fara kife kofuna, yaron ya sake kira daga cikin mota, hanci ja, yana hura yatsu. Na ce wa ya ci? Ya faɗa mini, na manta kafin in kai gida. Ya ce, "Bappa, na sa sunanka a layin kujera. Duk shekara za su turo kati su gaya maka ko kai ne na nawa." Na ce nawa ne a gabana? Ya ce dubu ɗari da arba'in da wani abu. Mai shayi ya ajiye butarsa ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Alhaji, ka ce ya sa sunan jikanka." Na ce jikan ai ba a haife shi ba tukuna. Ya ce, "To daidai ke nan. Kuɗin shayi uku ne da burodi."